Shekarar da Ludwina Ta Sa Gyaɗa

Duron yana nan har yau a bayan gidan Waim. Tsatsa ta cinye gindinsa, kaji ke ƙwai a ciki. A bakinsa akwai wani wuri da ƙarfen ya tsage ya lanƙwashe. Yara kan sa yatsa a wurin su tambaya, akan ce musu dutse ne ya faɗa masa.

Duron Ludwina ne, uwar Waim. Ni ɗan baffan mijinta Gigmai ne, shinge ɗaya ya raba gidajenmu. Yawancin abin da zan faɗa ta saman shingen nan na gan shi.

Daga ƙetaren kogi aka auro ta. Mu muna tudu cikin sanyi, abinmu dankali da kabeji da kofi. Su suna kwari inda rana ke zama, gyaɗa ba ta yi sai a wurinsu. A can muke neman aure, da su kuma muke faɗa, haka muka tarar. Gigmai ya ba da aladu masu yawa a kanta, yayanta Kaupa ne ya riƙo hannunta ya haye gadar igiya da ita. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Tana budurwa ta yi aiki a kicin ɗin Sistocin mishan, a can ta koyi kwaɓa fulawa. Da ta tare ba ta roƙi mijinta komai ba sai tsohon duron kananzir. Ta yi ta ƙona shi har warin ya fita, ta sa aka yanke shi. Wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi, shi ke nan murhunta.

Kirsimetinta da an gama tsinkar kofi yake farawa. Za ka gan ta a ƙofar ɗaki tana murza zare a cinya, ɓawon itace da ulun tsohuwar rigar sanyi da ta warware, tana saƙa ƙananan jakunkuna. Duk yaron da ya iya tafiya da ƙafarsa a ƙauyenmu yana da tasa. A ciki akwai burodi ɗaya kamar dunƙulen hannu, da gaɓar rake, da soyayyar gyaɗa cikin tafi. Gyaɗar Kaupa ke aiko mata kowace shekara. Idan an fito coci ta sallami namu, sai ta rataya babbar jaka a goshi ta haye gada ta raba wa 'ya'yan danginta. Iyaye mata kan biya ta da abin da suka samu, wannan ƙwai, wannan kabewa, wannan itacen wuta.

Umba, ƙanin mijinta, yakan shiga layin yara ya durƙusa don ya gajarta.

"Matar Yaya, ga wani ƙaramin yaro an manta da shi."

"Yaro mai gemu? Je ka aske ka dawo."

"To ko ƙonannen ki ba ni."

"Ƙonannen na alade ne. Ka je ku sasanta."

Amma kullum akwai ɗaya a ɓoye ƙarƙashin ganye dominsa.

Alade ne ya jawo. Na Toa ne, ɗan Kaupa na fari. Ruwa ya ja baya, aladen ya haye ya shiga gonar Umba ya tone masa dankali. Umba ya soke shi, wannan hakkinsa ne. Sai ya gasa ya cinye, bai aika wa mai shi ko da kan ba. Ran kasuwar bakin gada Toa ya tsaya gaban mutane ya kira shi ɓarawo. Umba yana riƙe da adda. Sara ɗaya ne, tsakanin wuya da kafaɗa. Saurayin ya zauna a kan tarin kabejin wata mata yana duban ƙirjinsa, kamar wanda ya zubar da wani abu a riga. Kafin ya kwanta kasuwa ta watse.

Ba su nemi Umba ba. A wurinmu ba a neman wanda ya yi, ana neman wanda rashinsa zai fi ciwo. Gigmai suka tarar da safe yana sassabe a gonar kofinsa. Suna da yawa, kowa ya sa gatarinsa don kada a ce mutum ɗaya ne. Amma an ga wanda ya fara, Kaupa ne. Da muka je ɗauko shi mun tafi da makara, ba ta yi mana amfani ba. A jakunkunan mata muka kawo shi.

Daga nan sai abin da aka saba. Muka ƙona musu gidajen bakin ruwa, suka sare mana itatuwan kofi tun daga gindi. A lokacin ne samari suka koyi ƙera bindiga da bututun famfo, ɗaya ta fashe ta tafi da muƙamuƙin mai ita. Titin mota ta ƙasarsu ya bi, saboda haka ya rufe mana. Makaranta ta tsaya. Coci ɗaya muke yi da su a da, sai suka koma yin addu'arsu a gindin itace.

Ranar da aka binne Gigmai, Ludwina ta shafa farar laka, ta ɗora hannun hagu a kan kututture ta cire gaɓar yatsa, yadda tsofaffin mata ke yi. Da aka zo ɗaure mata ganye sai aka ga yatsu biyu ne suka gajarta. Ɗaya na mijinta ne. Ba wanda ya tambaye ta ɗayan.

Matan da aka auro daga ƙetare kusan duk sun tattara sun koma. Ita ta zauna. Sai maganar abinci ta taso. Idan jini ya shiga tsakanin dangi biyu, ba mai cin abin da ya fito daga gonar ɗaya ɓangaren ko daga garkensu, sai an biya diyya an karya rake. Wanda ya ci, cikinsa zai kumbura, ƙafafu su tsotse, ya tafi a hankali. Ina yaro na ga wani ya tafi haka. Dattawa suka zauna a kan Ludwina, suka ce aladun da aka biya sun mai da ita tamu, hannunta ba shi da laifi muddin abin da ta dafa daga ƙasarmu ya fito.

Ɗa ɗaya gare ta, sauran ba su zauna ba. Waim a lokacin gemu ya fara fito masa. Kaupa ne ya sassaƙa masa bakansa na farko, a kafaɗar Kaupa ya fara haye gada. A zauren maza kowa ya san wannan, Umba kuma ba ya bari a manta.

"Ɗan Gigmai, miƙo min wuta. Ko ɗan Kaupa zan ce? Na rikice."

"Baffa, ka san sunan ubana."

"Ni na sani. Ina tsammanin kai ne ka manta. Ka ga yadda aka kawo shi, ko lokacin kana bayan gida?"

Samari suka yi dariya. Wani ya ce a bar shi, yana jiran kawunsa ya aiko masa gyaɗa. Waim ya tashi ya ɗauki gatarin ubansa daga bango ya aza a cinya. A zaman nan aka yanke. Ranar Kirsimeti ba a harbi, mu da su duk mun yarda da wannan. Washegari da asuba za a haye, Kaupa kuma na Waim ne, kada kowa ya riga shi.

Abin da aka faɗa a zauren maza ba ya kwana bai isa ɗakin mata ba. Ludwina ta ji. Ko ɗanta ya kashe yayanta su kuma su zo neman ɗan, ko yayan ya riga shi. Ba sai an zauna an warware mata ba. Ba ta yi kuka inda muka ji ba, ba ta je ta kama ƙafar kowa ba. Ta kai kajinta kantin mishan ta karɓo ragowar fulawar da Fada ke da ita. Ta ci gaba da saƙa da gajerun yatsunta, jinin yana ɓata zaren. A watan kuma ta yawaita sauka kogi wanki, can ƙasa da gada inda ruwa ya ƙuntata, ita da zannuwanta ba su fi biyu ba.

Ana gab da Kirsimeti Umba ya yanka babban aladensa don masu fita yaƙi. Aka kai wa matar mamaci rabonta, ta mayar da tsokar, ta ce kitse kawai take so, ba ta da man kwaɓi. Aka ba ta.

Ran jajibiri na leƙa ta shinge na gan ta a bayan ɗaki, ta ba hanya baya, tana murje wani abu da kwalba a kan katako.

"Matar Gigmai, me ake niƙawa?"

"Citta."

"Cittar bana ƙamshinta daban."

Ta ɗago ta dube ni. Na ce mata ai hancina ya tsufa, na koma wurin aladuna.

Da safe, kafin a kaɗa ƙararrawa, ta ciro na farko daga duro ta kira ɗanta. Yana zaune yana wasa gatari.

"Inna, na wuce wannan."

"Yaushe? Ban ji labari ba. Karɓi."

Ya karɓa yana juya shi daga hannu zuwa hannu don zafi. Ta tsaya a kansa har ya cinye.

"Na bana ya fi daɗi."

"Kitsen baffanka ne," in ji ta.

Aka fito coci, yara suka yi layi a ƙofarta. Iyaye mata a shekarar kowace sai da ta buɗe jakar ɗanta. Mondia, matar Umba, har zazzage ta 'yarta Yani ta yi a tafi. Burodi da rake, ba komai.

"Bana babu gyaɗa, Yaya?"

"A ina zan samo?"

Mondia ta yi murmushi, hankalinta ya kwanta. Umba bai shiga layi ba. Ludwina ta ɗaga ganye ta ba Yani nasa ta ce ta kai masa. Ya ce ba ya ci, yarinyar ta haɗa biyun ta cinye.

Sai Ludwina ta rataya babbar jaka a goshi ta kama hanyar gada. Samarin da ke tsaro suka tare ta, suka rasa abin yi, ranar ba ta faɗa ba ce, ita kuma uwar Waim ce. Ɗaya ya ce, "Ku bar ta ta je ta yi wa yayanta sallama, gobe ba lokaci." Suka matsa suna dariya.

Rana ta yi tsaka lokacin da Mondia ta tsinci ɓarɓashi a rigar Yani ta kai baki. Ta tauna, ta tsaya. Ta tofar, ta kama yarinyar ta cusa mata yatsu a maƙogwaro. Titi a rufe yake, gyaɗa kuwa wuri ɗaya take yi. Kafin a jima ƙauyen duka ya ɗauka. Mata na ɗura wa yara ruwan gishiri, suna riƙe su kai ƙasa suna bugun baya, yaran na amai suna kuka ba su san laifinsu ba. Wata ta yi ta marin ɗanta saboda ya yi saurin cinyewa. Waim na zaune a ƙofar uwarsa, gatari a ƙasa, ya sa hannu a cikinsa.

Abin da ya faru a ƙetare daga baya matar Kaupa ta ba mu labari. Can ma an buɗe jakunkuna. An ji gyaɗa a burodin, aka ce ai tamu ce, fulawa kuwa ta Fada ce, aka bar yara suka ci. Ludwina ta jira har ƙaramin ɗan Kaupa ya lashe yatsunsa. Sannan ta ce wa yayanta, a gaban kowa, da kitsen aladen Umba ta kwaɓa. Kaupa ya zaro itace daga wuta ya buga mata a baki. Mata suka raka ta da duwatsu har gada.

Haka ta hauro mana, jaka babu komai, leɓe a fashe, haƙoran gaba sun tafi, ido ɗaya a rufe. Ba ta tsaya a hanya ba, ba ta kauce ba. Matanmu suka fara, da sandunan tonon dankali. Mata ne da ta karɓi haihuwar wasunsu. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗi. Mondia ta cika hannu da gashinta tana buga kanta a ƙasa tana cewa, "Biyu ta ci, Yaya. Ke kika ba ta na biyun."

Umba ya ture matan, adda a hannunsa. Ya ja ta a ƙasa har bayan ɗaki inda duron yake, da sauran ɗumi a jikinsa.

"Da wanne kika kwaɓa?"

Ta miƙa hannun dama, ta ɗora a bakin duron da kanta.

Ina tsaye a shinge. Ƙarar ƙarfen na fi ji.

Da na buɗe ido, Waim yana tsakaninsu, ya ɗaga gatarin ubansa a kan baffansa, Umba kuma ya ja da baya da addar a hannu. Ludwina na zaune ta jingina da duro ta matse dungulmin a hammata. Ta faɗi wani abu, jini ya hana a ji. Ta tofar ta sake.

"Ajiye. Ba don wannan na yi ba."

Ya ajiye. Ni da shi muka ɗaure hannun da igiyar jakarta, muka ɗauke ta a kan ƙyauren ɗaki zuwa wurin Sistoci. Ba wanda ya kama mana.

Asuba ta yi, ba a haye ba. Waim ya ci gyaɗar kawunsa, ba mai bin mutumin da ke ɗauke da wannan a ciki. Da samari suka ce a tafi ba shi, suka tarar da mata zaune a ƙofar zauren maza, kowace da ɗanta a cinya. Wata tsohuwa ta karɓe bakan jikanta ta taka shi ya karye. Magani ɗaya ne, kowa ya san shi, a biya diyya a karya rake, kuma ba ya aiki sai an yi shi kafin cikin ya fara tashi. Kowace safiya za ka ga uwa ta zagaya cikin ɗanta da zare, ta ƙulla, gobe ta sake gwadawa. Daga hayi muna hango nasu matan suna yin haka.

Sai zazzaɓi ya kama Yani. Ta daina cin abinci, zaren uwarta ya daina haɗuwa. Umba ya zauna a bakin gadonta yini guda. Kashegari ya tashi ya sauka gada, ba adda, ba garkuwa, ya tsaya a tsakiya inda kowace kibiya za ta same shi, ya yi ta kiran sunan Kaupa har muryarsa ta dushe. Kaupa ya fito. Shi ma ƙaraminsa yana kwance.

Sulhun da kan ci shekaru, aka yi shi kafin sabon wata. Ba a yi ciniki mai tsawo ba. Aladun Umba duk suka tafi don Toa, na Kaupa suka zo don Gigmai. Aka tsaya a filin kasuwa inda kabejin nan ya zube, Umba ya riƙe kan rake, Kaupa ya riƙe gindi, suka karya, kowa ya tauna rabinsa bai dubi ɗan'uwansa ba. Aka gutsura wa kowane yaro. Yani ta tashi. Sista mai magani ta ce tsutsar ciki ce da zazzaɓin sauro, ita ta ba da ƙwayar da ta warkar. Kowa ya riƙe abin da ya sani.

Ba wanda ya yi wa Ludwina godiya. Da ta dawo daga mishan, mata suka daina bi ta ƙofarta. Mondia har ta mutu ba ta sake gaishe ta ba, kuma ban taɓa cewa ba ta da hujja ba. Umba kan ajiye mata itacen wuta a bakin shinge ya wuce, ba ya kira. Kaupa bai sake hawowa ba, ita ma ba ta sake sauka ba. Amma da Kirsimeti ya zagayo aka ga buhun gyaɗa a bakin gada, ba kowa a kusa da shi.

Ta ci gaba da gashi, shekaru da yawa. Tana danne kwano da dungulmi, tana kwaɓi da hagu mai gajerun yatsu. Saƙa ta gagare ta, sai ta koma ƙunshewa a ganyen ayaba. Layi bai sake tsayawa a ƙofarta ba. Takan jera ƙunshin a kan shinge ta shige ɗaki ta rufe. Iyaye sun hana, amma kafin yamma shingen ya zama babu komai.

Waim ya zama direban bas, yanzu kansa fari fat. Shi ya ɗauki gaban makarar Kaupa da tsufa ya kai shi.

Sau ɗaya na tambaye ta, muna tsofaffi, tana shan hantsi a gindin duron.

"Matar Gigmai, da Yani ta tafi fa?"

Ta dubi kajin.

"Waim ne ya fara ci," in ji ta.

Da ta rasu, yaran shekarar nan ne suka haƙa kabarin, namu da na ƙetare, duk sun zama magidanta. Yani ce ta yi mata wanka. Yanzu mata da yawa suna gashin burodi ran Kirsimeti, wasu ma a kanti suke saye. Amma har yau a ƙauyenmu, idan aka miƙa wa yaro, uwarsa kan karɓa ta gutsura ta kai hanci kafin ta ba shi. Ƙananan matan ba su san dalili ba. Sun ga iyayensu suna yi.